Ranar da Jirgi Ya Yi Shiru a Kan Wudil

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Takarda ta fito daga hannun mahaifinka Ilu mai fetur, na bakin gadar Wudil, zuwa gare ka, kai na Lajawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina yi maka barka da sauka, da gajiyar hanya, da baƙunta. Ina fata ka iske Malam Barau da iyalinsa lafiya. Ka gaishe mini da shi da kyau, ka tambaye shi ƙafa. Allah ya tsare mini kai a birnin nan, ya tsare ka a filin jirgi, ya raba ka da mugun ji da mugun gani, ya sa hannunka ya zama sanadin isar mutane gidajensu lafiya. Uwarka tana gaishe ka. Ta ce in gaya maka ka riƙa karyawa kafin ka fita aiki, na ce mata wanda ya san hanyar bakinsa tun yana Lajawa ba sai an tuna masa ba.

Ba labarin gida ya zaunar da ni ba. Ko tunkiya ta haihu ko ba ta haihu ba, ka ji a bakin direbobi, su da ba sa gajiya da surutu. Ka dubi rubutun nan da kyau, hannuna ne. Ban kai wa mai rubuta wasiƙa na bakin kasuwa ba, domin abin da zan faɗa ba zan iya faɗarsa wani ƙato yana kallon bakina ba. Lokacin da nake zuwa ajin manya da fensir a bayan kunne ƙannenka suna ƙyalƙyala dariya a soro, kai ma na ga kana danne taka. To ga ranarsa ta zo. In ka ga baƙi ya karkace, ka miƙe shi da kanka.

Ka san yadda muka rabu. Ka zo ka durƙusa gabana da akwatinka, na ce maka, “To, a sauka lafiya,” na juya na ci gaba da wanke mazurari, alhali mazurarin nan tun da safe na wanke shi. Kai ɗan fari ne. A ɗakin kakarka aka haife ka a Lajawa, a can aka yaye ka, a can ka yi wayo. Ban taɓa ɗaukarka a gaban mutane ba, ban taɓa kiran sunanka ba. Haka ubana ya yi wa yayana, haka na tarar, kuma ba na zagin abin da na tarar. Amma akwai maganar da kunya ta hana ni gaya maka ido da ido. Aikin da ka tafi yi zuba wa ƙananan jirage mai ne, kuma in na bari ka hau fiffike ba ka ji maganar nan ba, wata rana wani zai mutu, Allah kuma ni zai fara tambaya.

Bari in fara da abin da duk Wudil ta sani. Ka sha jin tsofaffin direbobi suna ce mini Ilu Ya-isa, kana sunkuyar da kai kamar ba ka ji ba. Ga asalin abin. Ina yaron mota a hannun Maigida Tanko, lokacin yana ji da ƙarfi, in ya daka tsawa har awakin bakin titi sai sun watse. Muka yi lodin gyaɗa a Birnin Kudu za mu Kano, ya ce in leƙa tanki. Na cusa sanda, na zaro, na ga jiƙar ba ta kai inda ya kamata ba. Kafin in buɗe baki sai ya leƙo ta taga ya ce, “Ai ya isa, ko? Jiya na zuba.”

Mutumin nan ina tallan rake ya ɗauke ni ya ba ni sana'a. Ga fasinjoji a kan buhuna sun zuba mana ido. Na ce, “Ya isa, Maigida.”

Muna wajen Achika mota ta fara tari, ta yi fizga ɗaya biyu, ta mutu a tsakiyar hanya. Ni na ɗora gwangwani a ka na tako Wudil da tsakar rana, na koma da shi cike, fetur yana tsiyaya yana ƙona mini ƙeya. Na iske Maigida a gindin kuka yana cin goro. Ya ce, “Kai ɗan banza, da ka gani me ya hana ka faɗa?”

Na ce, “Maigida, ai kai ka ce ya isa.”

Ya tofar da tukar goro ya ce, “Ni na leƙa ko kai ka leƙa?”

Fasinjoji suka fashe da dariya, daga ranar suna ya bi ni. Ka riƙe tambayar nan tasa da hannu biyu. In kai ka leƙa, maganar taka ce, ko da kai ne mafi ƙanƙanta a wurin. Amma ni a lokacin ban ɗauki abin da nauyi ba, don na ga arharsa. Mota in mai ya ƙare mata tsayawa take yi, kowa ya diro, mata su shimfiɗa zane a inuwa, a yi ta zagin yaron mota har ya dawo. Na ɗauka iyakar abin ke nan, wahala da dariya. Haka nake ɗauka har na zama direba, har bayana ya hana ni tuƙi na kafa rumfar fetur, har ranar da jirgin nan ya zo.

Kana nan a ranar, amma kai gudu kake yi, ni kuwa da farko tsaye nake ina kallo, saboda haka bari in gaya maka abin da ba ka gani ba. Juma'a ce, kasuwa ta cika ta batse, bazara ta yi tsanani, ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas. Ƙananan jiragen nan na Turawan ciniki mun saba da su, tun suna nesa ake jin kukansu, har shanun kara sun daina ɗaga kai. Wannan kuwa inuwarsa muka fara gani ta gilma a kan rumfuna. Na ɗaga kai, ga jirgi ƙasa-ƙasa, farfelarsa a tsaye cak, ba abin da kake ji sai shuu na iska. Ban san komai game da jirgi ba, amma na san injin da ya mutu.

Ya karkata ya kauce wa gada, ya nufi yashin kogi, lokacin ruwa ya janye sai ɗan siriri a tsakiya. Tayoyinsa suka taɓa, ya ɗan yi gudu, har na fara cewa alhamdu lillahi, sai yashi ya riƙe su. Wutsiya ta ɗaga sama, ya kife.

Kasuwa ta kwaso a guje. An kusa isa sai wani ya ce, “Ku ja baya, zai kama da wuta!” Nan kowa ya juya, ana ture juna, ana tattake tukwanen mata. Mutum ɗaya ne bai juya ba, kai ne. Da na ga bayanka kana nufar jirgin nan kai kaɗai, ban san ina da sauran gudu a jikina ba sai da na gan ni kusa da kai. Ka kwanta rub da ciki ka shiga ƙarƙashinsa, ka yanke ɗamarar da ta riƙe mutanen da wuƙarka, ka fara jawo Bahaushen, wato Malam Barau, makanikin jirgin, ƙafarsa tana reto. Ka koma ka jawo Baturen da ke tuƙi, jini ya rufe masa fuska.

Ni kuwa hancina ya yi aikinsa. Jirgi a kife, fiffike a tsage, amma ko ƙanshin fetur babu. Na ƙwanƙwasa fiffiken da hannu, ya amsa kamar gwangwanin da aka juye. Na juya na ce wa mutane, “Ku zo ku kama, ba abin da zai ci wuta a cikinsa.”

Da aka natsa, dattawa suka riƙa zuwa suna ce mini, “Malam Ilu, ka ga ɗanka kuwa?” Ina cewa, “Wane ɗa? Ai yaron Lajawa ne, rashin hankali ne irin na yara.” Ƙarya nake yi. A ranar na yi alfahari da kai har na koma bayan rumfa na zauna a kan duro don kada a ga idona. Shekarun nan duk ina ɗauke da wannan, yau ka ji.

Aka sa Baturen a mota aka yi Kano da shi, bai daɗe a asibiti ba ya cika. Malam Barau kuwa ya ce ko sama da ƙasa za su haɗu ba za a kai shi asibiti a yanke masa ƙafa ba, a nemo masa maɗori. Aka ɗauko maɗorin Lajawa, aka kwantar da Malam Barau a soronmu har aka yi girbin gero. Kai kake juya shi, kai kake kai shi bayan gida, shi kuma yana zana maka cikin jirgi da tsinke a ƙasa. Ina wucewa kamar ban damu ba, amma ina jin irin tambayoyin da kake yi masa, ina jin yadda yake yin shiru kafin ya ba ka amsa.

Wata rana da la'asar an aike ka kogi, na zauna kusa da shi ina yi masa fifita. Ya ce, “Malam Ilu, mutanen garin nan suna cewa Baturen nan taurin kai ya kashe shi, ko?”

Na ce, “Haka ake faɗa.”

Ya ce, “Ba mugu ba ne. Shi ya koya mini aiki. Ranar sunan 'yata har gida ya zo ya zauna a tabarma. Ran nan muna wani fili can gabas, mun zuba mai, saura gwangwani ɗaya a ƙasa. Na hau fiffike na auna da sanda, na ga bai kai zane ba. Na ce, ‘Ranka ya daɗe, ko a ƙara wannan?’ Ya ƙwanƙwasa agogon mai da yatsa, allura ta ɗaga, ya ce ya isa, hadari yana tahowa, mu tafi. Malam Ilu, ka san yadda muke magana da manya. A wurina na gama faɗa. Duk ɗan ƙasar nan in ka ce masa ‘ko a ƙara,’ ya san akwai magana a ƙasa. Shi kuwa ya ɗauka tayi nake yi masa, irin na ƙarin tuwo. Na ce to, na sauko, muka bar gwangwanin a fili.”

Ya ce hadarin ya tare musu hanya, dole suka yi zagaye, iska kuma ta riƙa dukansu ta gaba tana cinye musu tafiya. Allurar da ta ce akwai ta faɗi lokaci ɗaya. Inji ya yi tari, Baturen ya murɗa ya koma ɗaya tankin, ya ɗan ɗauka, ya sake tari, ya ɗauke.

Ya ce, “A cikin shirun nan ya waiwayo ya dube ni, ya ce da Hausarsa ta Turawa, ‘Barau, ka auna?’ Na ce, ‘Na auna.’ Ya juya yana neman inda zai sa mu. Ita ce maganarmu ta ƙarshe.”

Don in rage masa nauyi sai na ba shi labarina na Achika. Duk wanda na taɓa ba labarin nan sai ya yi dariya. Malam Barau bai yi ba, ya dai juya fuska wajen bango.

Yanzu ka buɗe kunne, don abin da ya zaunar da ni ke nan. Mutum ya ji wannan da kunnensa a soron gidansa, ai ka ce ya warke. Ina! Shekara ta zagayo, Malam Barau ya koma Kano da sandarsa, kai kana taya ni a rumfa. Maigida Tanko ya tsaya za shi Azare, ya tsufa, ido ya fara rauni, amma bakin yana nan. Ya ce a zuba gwangwani ɗaya. Ka zuba, ka cusa sanda, ka zaro, ka ce da murya sosai, “Baba Tanko, wannan ba zai kai ka ba. Lodinka ya yi nauyi, hanya kuma ta ɓaci. A ƙara.”

Direbobi suka dube ni. Ni kuwa abin da na gani kawai shi ne ɗana yana gyara wa ubangidana magana a gaban jama'a, kunya ta rufe ni. Na ce, “Kai, rufe mini baki. Tun ba a san za a haife ka ba yake bin hanyar nan. Har ka isa?”

Ka ajiye sandar a hankali, ka ce, “Allah ya ba da haƙuri, Baba.”

Washegari da hantsi ina zaune na hango yaron motar Tanko yana tahowa da gwangwani a ka, ƙafafunsa fari fat, kamar ni nake kallon kaina. Kai ka karɓa ka cika masa. Ba ka dube ni ba, ban dube ka ba. Uwarka da ta ji labari ta ce, “Malam, ka ba yaron nan gaskiyarsa mana.” Na ce mata, “A ina kika taɓa jin uba ya ba ɗan fari haƙuri?” Ta ce, “To, Allah ya kyauta,” ta koma bakin murhu.

Wannan ya fi na Achika muni. A Achika yaro ne ni, ban san inda abin yake kaiwa ba. A nan kuwa na sani, na ga jinin, na ji Barau, amma duk da haka da ka yi daidai sai na tsawata maka. Tun daga ranar na lura da kai. Aiki kana yi fiye da da, ladabi kuwa har mutane suna cewa in ba su sirrin tarbiyya. Amma ban ƙara jin ka ce wa wani babba a'a ba. Ni na san inda muryar nan ta tafi, don ni na kore ta.

Da saƙon Malam Barau ya zo cewa ya samar maka gurbi a cikin masu zuba wa jirage mai, kowa yana murna, ban da ni. Na ce bari in gwada ka. Ka tuna motar Sani Gajere da za ta Birnin Kudu, makon da za ka tafi? Da gangan na zuba masa abin da bai kai ba, da niyyar in cika kafin ya tashi. Na miƙa maka sanda, ka auna, na ce da ƙarfi, “Ya isa, rufe.” Ka dubi sandar, ka dube ni. Ina ta roƙon Allah a zuciyata ka yi mini gardama. Ka ce, “To, Baba.”

Na ɗauki buta na zagaya bayan rumfa kamar zan yi alwala. Sai na leƙo ta tsakanin zana. Na ga ka waiga hagu da dama, ka buɗe murfin, ka juye wani gwangwanin da sauri, ka cusa fankon a ƙarƙashin sauran don kada in gani.

Abu biyu na ji a lokaci ɗaya. Na farko daɗi. Na ce alhamdu lillahi, yaron nan ba zai bar mutum ya kwana a daji ba, ko da ubansa ne ya ce a bar shi. Zuciyarka ta fi tawa kyau lokacin ina kamarka, ni na bar mota ta tafi, kai ba ka bari ba. Na biyu tsoro. Domin dabarar nan ta bakin gadar Wudil ce, ba ta aiki a inda kake yanzu. Malam Barau ya gaya mini matuƙi sai ya san abin da ke cikin fiffikensa, da shi yake lissafin nauyinsa da nisan da zai iya. Ba wanda zai zagaya bayan rumfa ya ba ka sarari, kuma wanda ya ƙara a ɓoye shi ma ya yi ganganci da ran mutane. A can ba ka da wata hanya sai bakinka.

Saboda haka ga abin da nake so da kai. Yadda ake tace mai da fata, da yadda ake zubar da ruwan da ke kwanciya a gindin tanki, da ɗaure murfi a sake taɓa shi don kada iska ta zuƙe man a sama, wannan duk Malam Barau ya fi ni sani, ka bi shi sau da ƙafa. Abin da na sani na injuna shi ne agogo yana ƙarya, na mota ma ya sha yi mini, balle wanda ake ƙwanƙwasawa kafin ya yi magana. Ka hau da ƙafarka, ka auna da hannunka, ka duba da idonka, ko da wanda ya girme ka ya ce ya riga ya duba.

In ka ga bai kai ba, kada ka ce ko a ƙara. Kada ka ce da dai an ɗan ƙara. Kada ka yi gyaran murya kana sosa ƙeya kana jiran a gane. Irin wannan maganar tamu ta zaure ce, tana da daɗi, da ita ake neman aure, da ita ake sasanta rigima, amma Baturen da ke sauri ba ya jin ta, kai har namu ma in hankalinsa yana kan hadari ba zai ji ba. Ka ce, “Bai isa ba.” Ka ɗaga sandar ka kai masa ita gaban ido, ka sa yatsa a inda jiƙar ta tsaya. Ka faɗa tun ba a tayar da inji ba, don in farfela ta fara juyawa ba mai jin kowa. In ya kawar da kai ka sake faɗa. In ya ƙi, ka kira Malam Barau, ko duk wanda ke sama da kai, ka faɗa a gabansa.

Ban ce ka zama marar kunya ba, kada ka je ka ce ni na aike ka. Ka gai da na gaba da kai, ka rusuna inda ake rusunawa, ka karɓi kaya a hannun tsoho. Amma in ka gama gaisuwa ka miƙe tsaye ka faɗi abin da sanda ta nuna. Zai yiwu a zage ka. Wataƙila wani ya ce maka abin da na ce maka a gaban Tanko, da Turanci ko da Hausa. Ka shanye, zagi ba ya karya ƙafa, je ka dubi ta Barau ka ga abin da ke karyawa. In ma korarka suka yi a kan wannan, ka hau motar farko ka dawo. Rumfa tana nan, kuma da kaina zan fito bakin titi in tarye ka, kowa ya gani.

Ka tuna kuma ba Turawa kaɗai ke hawa yanzu ba. Ga attajiranmu sun fara, ga alhazai, ana kuma ta maganar mulkin kai, an ce wata rana yaranmu ne za su riƙa tuƙawa. To ranar da wanda ke gabanka zai zama dattijo mai furfura irin ta kakanka, yana ce maka “Ai ya isa, ɗana,” ranar ce ta fi wuya. Ni a nan na faɗi, sau biyu. Kai kada ka faɗi.

Umarnin da na ba ka a gaban direbobi, na ce ka rufe mini baki, yau na janye shi. Ranar Tanko kai ne da gaskiya, ni ne ba ni da ita. Ka yafe mini. Uwarka ta tambaya, na ce ban taɓa jin inda aka yi ba, to yanzu an yi a Wudil.

Shi Tankon ya ajiye tuƙi, kullum yana rumfata yana shan inuwa yana gyara wa kowa magana. Shekaranjiya wani ƙaramin jirgi ya wuce ta kanmu ya yi gabas, muka ɗaga kai gaba ɗaya. Ni yanzu sana'ata ke nan, da na ji kuka sai in fito in bi shi da ido har ya ɓace, ina cewa a raina wataƙila hannunka ya zuba masa. Sai Tanko ya ce, “Ilu, yaron nan na Lajawa shi ya dace da aikin nan. Duk yaran da na gani, shi kaɗai ya taɓa gaya mini gaskiya a bakin tanki, kai kuma ka hana shi, Ya-isa kawai.”

Direbobi suka yi dariya suna jiran in ce abin da na saba cewa. Na ce, “Maigida, ba yaron Lajawa ba ne. Ɗana ne.” Wallahi har mai shayi sai da ya ajiye ludayi ya dube ni.

Saura abu ɗaya. Ba zan ce ka buɗe bakinka a gaban wanda kake jin nauyi ba, ni kuma in bar nawa a rufe. Ranar sunanka ina bayan gidan kakarka na ɓuya, ta kan katanga na ji liman ya faɗe shi, tun daga ranar yake cikin bakina ban fitar ba. Na tambayi malamin ajinmu yadda ake rubuta shi, na ce masa na wani direba ne.

Usmanu.

Ga shi nan. Na dubi hannuna, bai karye ba. Uwarka ta shigo da ruwa ta ce me nake kallo haka a takarda, na karanta mata da ƙarfi. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta fita, har yanzu ina jin ta a tsakar gida tana fyace hanci tana cewa hayaƙi ne.

Usmanu, Allah ya yi maka albarka. Allah ya tsare hawanka da saukarka, ya tsare ka daga wuta da farfela, ya ba ka ido mai gani da harshen da ba ya noƙewa. Duk jirgin da ka zuba wa mai, Allah ya sauke shi a inda ya nufa da kukan injinsa. Allah ya dawo mana da kai lafiya, ya sa mu gana da alheri. Amin.

In ka zo hutu, kada ka tsaya a bakin rumfa kana jiran in ce kai. Da sunanka zan kira ka, ka amsa da ƙarfi.

Wassalam. Ni ne mahaifinka, Ilu.